Fitilun Ayarin Jana'iza: Darasi Daga Titunan Kartum da Umdurman

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Babu gidan da mutuwa ba ta taɓa yi wa sallama ba, kuma babu magidancin da bai taɓa raka gawa zuwa makwancinta ba. A zamanin kakanninmu maƙabarta tana bayan gari ne, a ɗauki makara a kafaɗa, a yi ta karɓa-karɓa har a isa. Yau garuruwa sun yi faɗi, kushewu sun yi nisa, sai makara ta koma bayan a-kori-kura, masu rakiya kuma suka koma cikin jerin motoci da babura. Daga nan ne wata al'ada ta shigo mana ba tare da kowa ya zauna ya tsara ta ba. Da zarar ayari ya tashi, sai kowane direba ya danna maɓallin nan mai jar alama mai kusurwa uku, fitilu huɗu su kama ƙyaftawa, sa'an nan a ɗauka cewa hanya ta zama ta ayari shi kaɗai: babu tsayawa a mararraba, babu jiran fitilar ba da hannu.

A wannan fitowa muna so mu dubi wannan al'ada da idon basira. Me fitilun nan ke faɗa wa sauran masu hanya? Me dokokin tuƙi suka tanada game da su? Me malamanmu suka ce game da tafiya da gawa? Za mu ɗauko misalinmu daga Kartum da Umdurman na ƙasar Sudan, domin a can matsalar ta fi fitowa fili, kuma abin da ya sami mutanen biranen nan daga 2023 ya isa ya sa mu sake tunani a kan ni'imar samun hanya zuwa maƙabarta.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce

Ta Sudan hanyar alhazan ƙasa ta bi shekaru aru-aru: daga Katsina da Kano da Damagaram, a ratsa Barno da Wadai da Darfur, a tsallake kogin Nilu zuwa Sawakin, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa daga cikin matafiyan nan sun yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Har yau akwai Hausawa masu ɗimbin yawa a ƙasar, har da cikin babban birninta. Haka kuma ɗalibai daga Nijar da Najeriya sun daɗe suna zuwa neman ilimi a Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Kartum da Jami'ar Musulunci ta Umdurman. Bugu da ƙari, mafi yawan Musulmin Sudan mabiya mazhabar Imamu Malik ne kamar mu, saboda haka hukunce-hukuncen jana'izarsu da namu tushensu ɗaya.

Birane uku, koguna biyu

Abin da ake kira Kartum a dunƙule birane uku ne. Akwai Kartum kanta, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Akwai Bahri a arewacin Shuɗin Nilu. Sa'an nan akwai Umdurman a yammacin kogin, birnin da Halifa Abdullahi ya mayar da shi hedikwatar daular Mahadi bayan 1885. Kogunan biyu suna haɗuwa a wurin da ake kira Muƙran, daga nan su zama Nilu guda su nufi Masar. Babu hanyar shiga wani birni daga wani sai ta gada, kuma gadojin ƴan ƙalilan ne idan aka kwatanta da miliyoyin mutanen da ke zaune a gaɓoɓin uku. Tsohuwar gadar Farin Nilu, wadda ta haɗa Kartum da Umdurman, tun shekarun 1920 aka gina ta. Gadar Shambat kuwa, wadda ta haɗa Umdurman da Bahri, an buɗe ta a shekarun 1960.

Manyan maƙabartu a warwatse suke. A Umdurman akwai ta Bakri, da ta Ahmad Sharfi, da ta Shehu Hamad al-Nil, inda ƴan Ƙadiriyya suka shahara da zikirin yammacin Juma'a. A Kartum akwai ta Faruƙ da ta Sahafa. Mutumin Umdurman yakan so a binne shi kusa da iyayensa, alhali sau da yawa a wani asibitin Kartum ajali ke riskarsa. Ke nan dole gawa ta tsallake kogi, ta bi ta bakin gada inda layuka da yawa ke matsewa su zama biyu ko uku, cikin zafin da kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Al'adar mutanen can ta yi kama da tamu. Ba a jinkirta sutura, har da dare ma ana binnewa. A kan gadon igiya da suke kira angarib ake ɗora mamaci, a lulluɓe shi, a sa shi bayan a-kori-kura, wadda su ke kira bokis, maza su zauna kewaye da shi suna riƙe da gadon. Bayansu sai ƙananan motoci, da bas-bas da suke kira hafila, da keke mai ƙafa uku da suke kira raksha. Mata sukan zauna gida suna karɓar gaisuwa. Akwai kuma wata ƙungiyar sa kai mai suna Husnul Hatima da ta yi suna wajen kula da maƙabartun jihar Kartum, da katange su da sa musu fitilu. Duk mai karatun da ya taɓa bin gawa a Maraɗi ko Damagaram ko Kano zai ga cewa sunaye ne kawai suka bambanta.

Jana'izar manya da ta talakawa

Biranen nan uku sun ga jana'izoji da tarihi ba zai manta da su ba. A watan Oktoba na 1964, rakiyar gawar ɗalibin Jami'ar Kartum Ahmad al-Ƙurashi, wanda aka harbe ranar 21 ga watan, ita ce ta rikiɗe ta zama boren da ya kawo ƙarshen mulkin Janar Ibrahim Abbud. A watan Agusta na 1969 jama'a suka yi dafifi wajen raka Isma'il al-Azhari, firaministan da ya ɗaga tutar ƴancin kai a 1956, zuwa maƙabartar Bakri. A nan ne kuma aka binne marubuci Tayyib Salih a watan Fabrairu na 2009, bayan an kawo gawarsa daga Landan. Tsohon shugaba Ja'afar Numeiri, wanda ya rasu ranar 30 ga Mayu na 2009, a maƙabartar Ahmad Sharfi aka sa shi. Lokacin da aka kawo gawar mawaƙi Mahmud Abdul'aziz daga Amman a watan Janairu na 2013, matasa sun cika filin jirgin sama da titunan da ke kewaye da shi. Imam Sadiƙ al-Mahdi kuwa, wanda ya rasu ranar 26 ga Nuwamba na 2020, an ɗauko shi daga filin jirgin Kartum aka tsallake kogi da shi zuwa ƙubbar kakan mahaifinsa Mahadi a Umdurman.

A irin waɗannan ranaku ba a buƙatar wata fitila ta sanar da kowa. Ko dai ƴan sandan hanya, masu fararen kaya, su rufe tituna tun da wuri, ko kuma yawan jama'a ya rufe su da kansa. Amma irin wannan jana'iza sau nawa ake yin ta a shekara? Abin da ke faruwa kullum shi ne ayarin talaka: motoci goma ko ashirin, babu ɗan sanda a gaba, babu wanda ya san da zuwansu, suna kutsawa cikin cunkoson masu zuwa kasuwa da ƴan makaranta. Wannan ayari ne ke dogara da fitilu, kuma a kansa haɗari yake.

Abin da fitila ke faɗa

Fitilun mota harshe ne da direbobi ke magana da shi, tun da ba su jin muryar juna. Jar fitilar baya tana cewa: na taka birki. Fitilar kwana, wadda direbobi ke kira sigina, tana cewa: zan karkata dama ko hagu. Fitilu huɗu masu ƙyaftawa tare, waɗanda littattafan koyon tuƙi na Faransanci ke kira « feux de détresse », suna cewa: akwai matsala a nan, ku yi hattara. Ba su cewa a ba ni hanya, kuma ba su cewa ina da izinin wucewa.

Abu na farko da ya kamata kowane direba ya sani shi ne, fitilun gargaɗi da fitilun kwana ƙwayaye ɗaya suke amfani da su. A mafi yawan motoci, muddin huɗun nan suna ƙyaftawa, to sigina ta daina magana. Direba na gaba zai iya karya kwana zuwa titin maƙabarta, na bayansa da mai babur da ke gefensa ba su ga wata alama ba. Abu na biyu, idan motoci ashirin suna ƙyaftawa a lokaci guda, ido yakan gaji, ya kasa bambance wadda ke tafiya da wadda ta tsaya cak saboda ta lalace. A Kartum akwai guguwar ƙura da ake kira habub, wadda kan rufe gari har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa. Mu ma muna da hazon hunturu da ƙurar farkon damina. A irin wannan lokaci ne motar da ta mutu a tsakiyar titi ke matuƙar buƙatar a fahimci ƙyaftawarta. Idan mun saba kunna ta don jana'iza da ɗaurin aure da rakiyar amarya, har ma don nuna cewa za mu miƙe a mararraba kamar yadda wasu direbobinmu ke yi, to ranar da aka kunna ta da gaske babu mai kula.

Abu na uku shi ne lissafin tsawon ayari. Mu ɗauka motoci 30 ne, kowace tsawonta mita 5, tsakaninta da ta gabanta mita 10. Ayarin ya kai mita 450 ke nan. Idan ana tafiyar kilomita 30 a awa, sai ya ɗauki kusan minti guda kafin ya gama ratsa mararraba ɗaya. Sau da yawa koriyar fitila ba ta jira haka. Motocin gaba su wuce a kan kore, na baya su tarar da ja, sai tsoron rabuwa da ayari ya sa su taka mai. Direban da ke zuwa daga ɗaya titin, wanda aka ba shi hannu, ba ya ganin makara, domin ta riga ta yi nisa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yakan ninka huɗu. Ta haka ne rakiyar gawa ɗaya kan haifar da wata jana'izar.

Abin da doka ta tanada

Dokar hanya yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama a 1972, Sudan ta bi sahu a 1973, kuma abin ya yiwu ne don kowa ya yarda ya bi tsari guda a rana guda. A Sudan akwai Dokar Zirga-zirga ta 2010, kuma ƴan sandan hanya ne ke da ikon tsayar da wani titi su saki wani. A duniya baki ɗaya kuwa, tushen da ƙasashe da yawa suka gina dokokinsu a kai shi ne Yarjejeniyar Biyana kan zirga-zirgar hanya, wadda aka sa wa hannu ranar 8 ga Nuwamba na 1968. Nijar ta shiga cikinta a 1975, Najeriya kuma a 2018.

Sashe na 32 na yarjejeniyar ya taƙaita amfani da fitilun gargaɗi ga hali biyu: idan mota ta lalace ko ta yi haɗari har ta tare hanya ba a iya gusar da ita nan take ba, ko kuma idan ana son faɗakar da sauran masu hanya cewa akwai haɗarin da ke dab da aukuwa. Fitila shuɗiya mai juyawa an keɓe ta ga motocin da ke kan aikin gaggawa, irin motar asibiti da ta kashe gobara da ta ƴan sanda, kuma su ne sashe na 34 ya wajabta a buɗe wa hanya. Sai dai yarjejeniyar ba ta manta da ayari ba. Sashe na 26 ya hana masu hanya ratsa tsakiyar jerin sojoji, da layin ƴan makaranta masu jagora, da sauran jerin gwano. Dokar hanya ta Faransa ma, a sashenta na R412-15, ta hana yanke ayarin da ke cikin tafiya. Ke nan haƙƙi biyu ne ke tafiya tare: an hana wasu su raba ayari, amma ba a mayar da motocin ayari motocin gaggawa ba.

Kowace ƙasa da yadda ta warware wannan. A Ingila, ƙa'ida ta 116 ta littafin dokokin hanya ta hana kunna fitilun gargaɗi ana cikin tafiya, sai a kan manyan hanyoyi, don sanar da na baya cewa akwai cikas a gaba, shi ma na ɗan lokaci. A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, doka ta ba ayarin jana'iza damar ci gaba da ratsa mararraba idan motar jagora ta shiga bisa ƙa'ida, amma da sharuɗɗa: motar jagora ta ɗauki fitila ta musamman, ruwan ɗorawa ko shunayya, kowace mota ta kunna fitilun gaba, a buɗe wa motocin gaggawa hanya, kuma kowane direba ya yi taka-tsantsan. Abin lura shi ne, inda aka ba ayari wannan dama, a rubuce aka ba shi, da alama ta musamman da kowa ya koya tun a makarantar tuƙi. Ba direba ne ke ba kansa ita da danna maɓalli ba.

Ba wasa ba ne ya sa ake tsananta waɗannan dokoki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Abin da malamai suka ce

Wani zai ce: ai addini ne ya umarce mu da gaggauta jana'iza. Haka ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na a gaggauta da gawa. Amma malamai irin su Imamu Nawawi da Ibnu Hajar sun bayyana cewa gaggawar da ake nufi ita ce tafiya mai ɗan sauri fiye da ta yau da kullum, wadda ba ta kai gudu ba, kuma da sharaɗin kada ta cutar da mamaci ko ta wahalar da masu ɗauka da masu bi. A jana'izar Uwar Muminai Maimuna, a wurin da ake kira Sarif, Abdullahi ɗan Abbas ya gargaɗi masu ɗaukar makararta da kada su girgiza ta, su tafi da ita a hankali. To, ina wannan da a-kori-kurar da ke tsalle a kan ramuka da tudun rage gudu, mutane a bayanta suna riƙon makara da hannu ɗaya, suna riƙon ransu da ɗaya?

Littattafan da muka tashi da su ma sun tsara ayari. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta fifita tafiya a gaban makara ga mai tafiya da ƙafa, Muhtasar na Shehu Halil kuma ya so mahayi ya kasance a baya, ya kuma ƙi ɗaga murya a bayan gawa. Idan kururuwar baki abin ƙi ce, me za a ce da ham da jiniya? Haka nan Muwaɗɗa ta Imamu Malik tana da babi a kan hana bin jana'iza da wuta, inda aka kawo wasiyyar Asma'u ɗiyar Abubakar da hanin Abu Huraira. Ba muna cewa fitilar mota ita ce wutar da aka hana ba. Malamai sun halatta fitila idan buƙata ta kama, kamar binnewa da dare. Abin da muke ɗauka a nan shi ne ma'auni: hasken da ke biyan buƙata karɓaɓɓe ne, wanda ake yi don nuna isa da yawan jama'a kuwa ba shi da wuri a bayan mamaci.

Sa'an nan hanya tana da haƙƙi. A cikin haƙƙoƙin da hadisin Abu Sa'id al-Hudri ya lissafa akwai kamewa daga cutarwa, kuma an sanya gusar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. A cikin cunkoson da ayarinmu ya haddasa a bakin gada, wataƙila akwai mace mai naƙuda, ko yaron da maciji ya sara, ko motar asibiti da ke ɗauke da wanda ake fatan ceto. Mamacinmu ya riga ya cika. Mintuna biyar ba su ƙara masa kome, ba su rage masa kome. Tafiyar kilomita 10 a gudun 40 minti 15 ce, a gudun 60 kuwa minti 10. Saboda wannan ƴar rata ce ake sa rayukan bayin Allah cikin haɗari. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ranar da hanya ta toshe

Ranar 15 ga Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa. Gadojin da muka ambata suka zama fagen daga, aka kafa shingaye a tituna, man fetur ya yi wuya. Ranar 11 ga Nuwamba na 2023 aka karya gadar Shambat, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi. Mutanen da suka saba raka mamatansu da ayari mai tsawo suka wayi gari ba su iya kai gawa maƙabartar da ke nesa da su da ƴan kilomitoci. Aka binne iyaye a tsakar gida, aka binne maƙwabta a filayen ƙwallo da harabar makarantu da masallatai da gefen titi, wani lokaci mutum uku ko huɗu ne kawai ke tsayawa sallah. Bayan sojoji sun karɓe birnin Kartum a watan Maris na 2025, hukumar binciken gawa ta jihar tare da ƙungiyar agaji ta Jinjirin Wata ta Sudan suka shiga aikin tono waɗannan kaburbura suna mayar da mamatan maƙabartu na ainihi, iyalai suna tsaye suna sake kukan da suka riga suka yi.

Duk wanda ya ji wannan labari ya kamata ya sake duban jar fitilar da ke tsayar da shi a kan hanyar maƙabarta. Titin da ake bi lafiya, da fitilar da ke raba hannu, da ɗan sandan da ke tsaye cikin rana, dukansu alamun zaman lafiya ne. Wanda ya taɓa rasa hanya gaba ɗaya ba zai yi ƙorafin jiran minti guda ba.

Shawarwari ga iyalai da kwamitocin masallatai

1. Kafin a tashi, liman ko babban gida ya sanar da maƙabartar da za a je da hanyar da za a bi. Wanda ya san inda za shi ba ya tsoron a bar shi a baya.

2. A naɗa mota guda ta jagora mai direba natsattse, motar gawa ta bi ta, kada kowa ya wuce su.

3. Kowace mota ta kunna ƙananan fitilun gaba, ko da rana ce. Wannan ya isa ya nuna cewa ayari ne, kuma sigina tana nan tana aiki.

4. A bar fitilu huɗu ga lokacin da aka yi su dominsa: idan ayari ya tsaya a kan titi, ko mota ta lalace, ko motar ƙarshe tana son faɗakar da masu tahowa da gudu cewa ana tafiya a hankali. Kafin a karya kwana a kashe su, a ba da sigina.

5. Jar fitila ta tsayar da kowa, sai fa idan ɗan sanda ne ya ba da hannu. Idan ayari ya rabu, na gaba su rage gudu ko su raɓe gefe su jira.

6. Idan ana sa ran taro mai yawa, a sanar da ƴan sandan hanya tun da wuri. Kada matasa su mayar da kansu masu tare mararraba da babura.

7. Kada a ɗora jiniya ko fitila mai juyawa a motar da ba ta da izini, kuma a buɗe wa motar asibiti da ta kashe gobara hanya nan take.

8. A rage yawan motoci ta hanyar haɗuwa a mota guda. Kada a cika bayan a-kori-kura da mutane a tsaye, kada a bar yara su maƙale a jikinta.

9. A bakin maƙabarta a ajiye motoci a gefe guda, a bar wa masu wucewa hanya.

10. Mu kuma da muka haɗu da ayarin wasu, mu rage gudu, mu kashe kiɗa, kada mu kutsa tsakiyarsu, mu yi wa mamacin addu'a. Yau su ne, gobe mu ne.

Rufewa

Ƴan uwa, lada mai girma aka yi wa mai sallatar gawa alkawari, ninkinta kuma ga wanda ya tsaya har aka binne, kuma babu inda aka sharɗanta cewa sai wanda ya riga kowa isa. Muna roƙon limamanmu su sa wannan magana cikin huɗubobinsu da karatun tsakanin magariba da lisha, iyaye kuma su faɗa wa ƴaƴansu masu tuƙi, kwamitocin unguwanni su zauna da ƴan sandan hanya su yarda a kan tsari guda da kowa zai sani.

Allah Ya jiƙan mamatanmu da mamatan ƴan uwanmu na Sudan, Ya kawo musu ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu lafiya. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.